Zagayen da Ba a Yi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ganin abin da ƙarfe ya rufe. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

An yi wani mutum a Gyaɗi-Gyaɗi, bakanike, gwanin birkin tsofaffin motoci, irin wanda ke ɓoye cikin durom, wato gangar ƙarfen da ke bayan taya. Al'adarsa, in ya gama gyara, shi yake fara shiga motar, ya zaga har Unguwa Uku ya dawo, sannan ya miƙa makulli.

Shekarar da soja suka koma bariki, motocin 'yan siyasa suka cika garejinsa. Ana cikin haka Mu'azu, wani direba baƙo mai jigilar ma'aikatan asibiti, ya kawo tsohuwar bas ɗinsa. Da aka buɗe durom, sai ga shu, wato abin da ke kama tayar, ya cinye saura ƙiris. Sake shi zai ci yini guda. Mutumin ya goge shi, ya ɗaure, birki ya taso kamar sabo.

Mu'azu ya ce, "Baba, yau babu zagaye?"

Ya ce, "Je ka, ɗana, na yarda da ita."

Ya 'yan uwa, in ya yarda da ita, me ya hana shi shiga?

Kwana uku bayan nan, a titin Zariya, durom ya ɗau zafi, birki ya ƙi. Ga mata suna tsallake titi. Mu'azu ya karkata motar, ya tari katanga da gefen da yake zaune. Fasinjoji suka tsira da raunuka, shi kuwa ya cika.

Babu wanda ya tuhumi bakaniken. A zaman makoki ma Inna Asabe, mahaifiyar mamacin, ta sa aka kira shi ta yi masa godiya, ta ce ɗanta kullum yana faɗa mata ya yi uba a Kano.

Tun daga ranar, in bakaniken ya ɗauki sifana sai ya ajiye. Duk wanda ya kawo mota sai ya ba shi labarin abin da ya aikata, yana hawaye, har kowa ya janye, gareji ya mutu. Inna Asabe kaɗai ya kasa faɗa wa, har ta bar duniya.

Ya 'yan uwa, aikin da mai shi ba zai iya dubawa ba, amana ce tsantsa, kuma za a tambaye mu.

Allah ya jiƙan Mu'azu da mahaifiyarsa, ya karɓi tuban wannan bawa. Mai karatu, ni da kai, Allah ya kiyaye mu.