Gawon da Aka Tarar Ba Ganye

Akwai wani mutum da aka haifa a baƙuwar ƙasa. Tun kafin haihuwarsa faɗa ya kori iyayensa daga ƙauyensu, suka gangara can kudu cikin kurmi suna noma gonakin aro. A can ubansa ya rasu. Uwar ta tsufa, idonta ya fara dushewa, amma kullum ba ta da zance sai na gida.

Da labari ya zo cewa ƙasar ta kwanta, sai ta kira shi ta ce, "Ɗana, ba na so a binne ni a nan. Je ka duba gonar ubanka. Akwai wani babban gawo a tsakiyarta, a gindinsa nake kwantar da yayarka lokacin girbi. In ka tarar yana da rai, ka zo ka ɗauke ni. In kuwa ya mutu, to, wurin ya ƙi mu ke nan, sai in haƙura."

Mutumin ya tashi, ya isa ƙauyen a tsakiyar damina. Aka nuna masa gonar. Ko'ina kore shar, ciyawa har ƙugu, sai itace guda a tsakiya, tsirara, ko ganye ɗaya babu, rassansa fari fat kamar ƙasusuwa. Ya ce a ransa, "Itacen da ya bushe ana tsakiyar ruwa, ai ya gama." Ya zauna a gindinsa ya yi kuka, domin bai san da wane baki zai gaya wa tsohuwa ba.

Na ga manoman cikinmu suna murmushi. Ku yi masa uzuri, jama'a! A kurmi ya girma, inda babu gawo. Uwar kuma ba ta yi masa bayani ba, don ba ta taɓa tunanin akwai ɗan Adam da bai san halin gawo ba.

Da baƙin ciki ya ishe shi, sai ya aro gatari. Ya ce gara ya sare shi kowa ya huta. Ya kai sara ɗaya, ya ɗaga zai ƙara, sai wani tsoho da ke kiwon awaki a gefen gonar ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ɗan nan! Me itacen ya yi maka?"

Ya ce, "Baba, ai matacce ne."

Tsohon ya dogaro sandarsa ya iso, ya kama hannun mutumin ya ɗora a kan saran. Ya ce, "Me ka ji?"

Ya ce, "Danshi."

Tsohon ya ce, "To. Gawo ne wannan. Da damina yake zubar da ganyensa. Ka jira ruwa ya ɗauke."

Mutumin ya mayar da gatari. Ya share gindin itacen, ya shuka ɗan wake tunda lokacin shuka gero ya wuce, ya gyara ɗaki ɗaya a kangon ubansa. Jiran bai yi masa daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Kowace safiya sai ya ɗaga kai, babu komai. Sau biyu yana ɗaure kayansa yana kwancewa.

Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, sauran itatuwa suka fara kaɗe ganye. Ran nan da ya fito, ga toho a kowane reshe. Ko karin kumallo bai tsaya yi ba, ya kama hanyar kudu. Ya dawo da uwarsa, ya zaunar da ita a inuwar. Ba ta gani sosai, sai ta sa ya tsinko mata ganye, ta murza, ta sunsuna, ta ce, "Shi ne. Na iso gida." Ta yi shekara biyu a nan, sa'an nan ta huta, aka binne ta a ƙasarta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Mutanen Allah da aka kwashe zuwa bauta a Babila sun dubi kansu suka ce tasu ta ƙare. Sauran al'ummai suna ta bunƙasa, su kuwa babu gari, babu Haikali. Sai Ubangiji ya kai annabinsa wani kwari cike da busassun ƙasusuwa, ya sa ya yi musu magana, suka harhaɗu, numfashi ya shiga cikinsu, suka miƙe tsaye. Ya yi alkawari zai buɗe kaburburan mutanensa, ya komo da su ƙasarsu. Ya kuwa komo da su.

Gawon shi ne jama'ar Allah. Gatarin shi ne fid da zuciya. Mutumin kuwa mu ne, da muke auna aikin Allah da gonar maƙwabci, mu ce tunda kowa ya yi kore ban da ni, an manta da ni. Amma ku lura da inda misalin ya gaza. Gawo barci kawai yake yi, ƙasusuwan nan kuwa matattu ne murus. Allahnmu ba ya bukatar ya tarar da danshi kafin ya rayar, kabarin Yesu da yake a buɗe shi ne shaida.

Akwai a cikinmu waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, har yau suna rakuɓe a ɗakunan mutane. Akwai mai ɗan da ya daina taka coci. Kada ku yanke hukunci a lokacin da ba naku ba. Ni kaina da nake muku magana, matata tana kwance a kabarinta a bayan cocin nan shekara shida ke nan. Ina kewarta ƙwarai. Duk Asabar nakan je in share wurin, kuma ban taɓa yi mata ban kwana ba. Jira nake.