Dalmar da Cha'ibu Ya Narka a Tsakar Gida

Akwai wani mai gyaran moto a Matameye, sunansa Cha'ibu. Duk wanda ya san shi ya san mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Idan yana shan shayi, ƙafarsa na kaɗawa. Idan ana hira, hannunsa na murza wata kusa ko guntuwar waya. Ko a masallaci, shi ne farkon mai neman takalmi.

Abu ɗaya ne yake tsayar da shi cak, shi ne harbi.

Ba maharbi ba ne na gado, ba kuma da harbin yake ciyar da iyali ba. Sha'awa ce kawai. Yana da wata tsohuwar bindiga ƙirar maƙera, kuma da zarar an gama girbi gonaki sun buɗe, shi da abokansa sukan hau moto su nufi wajen Tsauni. Wani lokaci su samo zabi ko hasbiya, wani lokaci su jera gwangwanaye a kan kututture su yi ta gasa har rana ta yi sanyi.

Cha'ibu ne gwaninsu, ya kuma san haka. Abin da ya fi alfahari da shi ma ba idonsa ba ne, harsashinsa ne, don da kansa yake yin abinsa. Yakan tattara matattun batura daga gareji ya kai gida, ya cire dalmar da ke ciki, ya narka ta a wani tsohon kasko, ya zuba ta ta fito dunƙule-dunƙule, sumul, tana ƙyalli.

“Na kasuwa a karkace yake tafiya,” haka yake cewa. “Nawa kuwa inda na aike shi nan yake zuwa.”

A tsakar gida yake wannan aiki, kusa da madafar matarsa Rabi, don nan ne inuwar dogon yaro take. Nan ne kuma 'yarsu Najaha, wadda ba ta daɗe da cika shekara uku ba, take wuni tana wasa da ƙasa.

Rabi ce ta fara magana.

“Baban Najaha, hayaƙin nan naka yana kama min maƙogwaro. Jiya har a cikin fura na ji ɗacinsa. Ka mayar da aikin nan gareji mana.”

“A gareji yara za su kwashe min,” ya ce, bai ko ɗago kai ba. “Ke da kike shaƙar hayaƙin kara tun kina yarinya, yau nawa ne zai kashe ki?”

Ta ja tabarmar yarinyar gefe. Amma iska ba ta san gefe ba.

Bayan ita sai wansa Mansur. Shi Mansur ya yi ci-rani a Zamfara shekarun baya, lokacin da ƙurar dalma ta yi ta ɗibar yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Ranar da ya shigo gidan ya tarar da kasko a wuta, Najaha kuma tana tsintar ɗigon da ya fallatsa a ƙasa ya daskare, sai ya sunkuce ta ya buɗe mata hannu.

“Cha'ibu, ka san abin da kake yi kuwa? Na ga abin da wannan ke yi wa yara da idona. Ba ta kashewa yau, a hankali take cin su.”

Cha'ibu ya yi dariya.

“Yaya, waccan dalmar zinariya ce, ta cikin dutse. Wannan ta batir ce, kullum hannuna na cikinta, ga ni garau. Kai dai tun da ka dawo daga Najeriya komai tsoro yake ba ka.”

“Kai babba ne. Ita fa?”

“'Yata ce, Yaya. Na fi kowa sanin abin da zai cuce ta.”

Mansur ya ajiye yarinyar a cinyar uwarta ya fita.

A wannan kakar ne wani abokin harbinsu mai suna Sule ya kayar da shi a gasa, karo na farko. Aka yi ta ihu, ana yi masa tsiya har suka dawo gari. Cha'ibu bai iya haɗiye abin ba. Ya ce laifin harsashi ne, bai fito daidai ba. Ya koma gida ya hura wuta.

Daga nan aikin ya zama kamar ciwo. Ya narka, ya zuba, ya duba, ya ce bai yi ba, ya sake mayarwa kasko. Yana gyaran moto hankalinsa na gida. Sai ya bar mai moto tsaye ya ce yana zuwa, ya ruga ya ƙara gawayi. Ya goge dunƙulen da magagari, garin na zuba a ƙasa. Kaji suka yi ta tona wurin, Rabi ta yi ta shara, ƙura na tashi tana sauka a kan kwanuka da randa.

Kaji biyu suka mutu a jere. Ya ce annoba ce.

Sai Najaha ta fara ƙin abinci.

Da farko ciki take riƙewa tana kuka. Sai bayan gida ya ɗauke mata. Yarinya mai fara'a ta koma mai fushi, ko uwarta ta taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara. Suka kai ta wurin majo, ma'aikacin jinya, a ɗakin shan magani na unguwa, aka gwada jini, ba zazzaɓin sauro. Aka ba da maganin tsutsar ciki. Kakarta ta ce iska ce, aka karɓo rubutu. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, aka yi turare.

Ba abin da ya sauya, sai ramewa da yarinyar ke yi.

Cha'ibu ya shiga wani hali. Ya shiga ɗaki ya dube ta, ya fito. Ya hau moto ya tafi gareji, kafin ya kwance kusa ɗaya ya dawo. Maganar Mansur takan faɗo masa a rai yana tsakiyar hanya, sai ya ƙara wa moto wuta kamar zai tsere mata. Idan ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma gindin dogon yaro ya hura gawayi, don aikin ne kaɗai yake hana shi tunani.

Wata ranar kasuwa da hantsi, yana tsugune gaban kaskon, ya ji ihun Rabi. Ya tarar da Najaha a ƙasa, idanu sun juye, jiki na jijjiga, kumfa a baki.

Mansur ne ya samo mota. Aka wuce da su Damagaram kai tsaye.

A asibiti aka samu jijjigar ta lafa. Bayan an yi gwaje-gwaje, wata likita mai suna Anisa ta kira iyayen gefe. Ta ce jinin yarinyar ya yi ƙasa ƙwarai, kuma alamun da take gani suna sa ta zargin guba.

“Akwai mai aiki da batura ko dalma a gidanku?”

Cha'ibu ya yi saurin cewa:

“A'a, likita. Ni a gareji nake aikina.”

Rabi ta juyo ta dube shi. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban wani ba. Amma a ranar sai ta ce:

“Likita, a tsakar gidanmu yake narka ta. Inda take wasa. Inda nake girki.”

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta dai dubi Cha'ibu ta tambaye shi tun yaushe. Da ya faɗa mata, sai ta ce:

“Za mu yi iya ƙoƙarinmu mu fitar da abin da ke cikin jininta. Amma ka sani, abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba duka yake dawowa ba. Kuma kada a mayar da ita gidan nan sai an kwashe ƙasarsa.”

Cha'ibu ya fito ya rasa inda zai nufa. Ya yi ta kai da kawowa a barandar asibitin, daga wannan bango zuwa wancan. Mansur na zaune a benci yana kallonsa. Cha'ibu ya so ƙwarai wansa ya zage shi, ko ya ce ai ya faɗa masa. Mansur bai faɗa ba. Ya miƙa masa ruwa kawai ya ce, “Zauna.”

Ya zauna. Sai kuka ya ƙwace masa.

An daɗe ana jinya. Rabi ta tare da yarinyar a gidan iyayenta bayan an sallame su. Cha'ibu ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ɗauki shebur ya kankare ƙasar tsakar gidansa gaba ɗaya. Aka ɗibe ta a amalanke aka binne nesa da rijiya da gonaki, aka kawo sabon yashi, aka shafe wurin da siminti. Randa da kwanuka da tabarmi duk ya fitar.

Yana cikin wannan aiki Sule ya yi sallama, yana murmushi.

“Na ji an ce ka daina. To ka ba ni kayan aikinka mana. Ni ma na fara yin nawa a gida, shi ya sa na ci ka rannan.”

Shebur ya faɗi daga hannun Cha'ibu. Ya san gidan Sule. Ya san yana da tagwaye masu rarrafe.

“A ina kake narkawa?”

“A zaure, wani lokaci a ciki. Me ya faru?”

Cha'ibu ya matso kusa da shi. Ya kama hannunsa ya ja shi har gidan surukansa, ya nemi izini suka shiga. Najaha na zaune a tabarma. Rabi ta kira sunanta, ta sake kira, sai a hankali yarinyar ta juyo. Ta miƙe za ta zo, ƙafa ɗaya na ja.

“Dube ta da kyau,” Cha'ibu ya ce. “Ba iska ba ce, ba baki ba ne. Ni ne. Matata ta faɗa min, wana ya faɗa min, na ce na fi su sani. Idan kana so ka ci ni a gasa, na yarda ka ci ni har abada. Amma yau ɗin nan ka fitar da kaskon nan daga gidanka, ka kai yaranka a duba su.”

Murmushin Sule ya ɓace. Bai ko yi sallama ba ya fita da gudu.

An duba tagwayen Sule. An samu dalma a jininsu, amma ba ta kai ga yin ɓarna ba. Aka yi musu magani, suka tashi lafiya lau.

Najaha ta rayu. Yanzu tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, amma sa'o'inta sun wuce ta da aji biyu. Abin da aka koya mata da safe, kafin la'asar ya zube. Kullum idan Cha'ibu ya rufe gareji, yakan zaunar da ita a gabansa da allo da alli, su sake farawa daga harafin farko. Wata rana ta riƙe, wata rana ta manta.

Rannan ta ɗago kai ta ce masa, “Baba, me ya sa ni kaina ba ya riƙewa kamar na sauran?”

Ya dube ta. Sannan ya goge allon da hannun rigarsa ya ce, “Ba laifinki ba ne, uwata. Mu sake.”

Darasi: Idan na kusa da kai suka ce abin da kake yi yana cutarwa, ka tsaya ka saurara, ko da kana ganin ka fi su sani. Girman kai ba kullum a kan mai shi yake faɗawa ba, wani lokaci a kan ɗan da bai san komai ba yake sauka. Kada ka narka dalma ko ka fasa batir a inda iyali ke ci da sha, kuma kada sha'awarka ta fi maka lafiyar 'ya'yanka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai gidan da kaskon ke kan wuta yanzu haka.