Maginin da Bai Taɓa Dalar Fir'auna Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, zamanin da ake zuwa aikin Hajji a ƙasa. Sunansa Jatau, magini ne, ɗan magina. Tun yana yaro yake jin mahaifinsa na ba da labarin dalar Masar, ginin dutse da mutanen Fir'auna suka yi, wanda an ce ko wuƙa ba ta shiga tsakanin dutse da dutse. Mahaifin nan har ya rasu bai gani ba. Shi kuwa Jatau, bayan Ɗakin Allah ba abin da yake marmarin gani kamar ginin nan. So yake ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ji yadda aka haɗa shi.

To, ku saurara. Wata shekara Jatau ya tashi zuwa Hajji, ayarinsu ya iso Masar, suka sauka a wani ƙauye a bakin Nilu. Madugu ya ce, "Mai son ganin dala ya tafi da safe. Da la'asar jirgin ruwa zai tashi, kuma ba zan jira kowa ba."

Gari na wayewa Jatau ya riga kowa ɗaura takalmi. Suka kama hanya shi da abokinsa Barau majemi da sauran jama'a. Ba su yi nisa ba sai ga wata tsohuwa a bakin hanya. Ambaliyar kogi ta ci gindin ɗakinta, bango guda ya zube, ana hango tabarmarta da tukunyarta daga waje. Tana ta ɗibar taɓo da hannu tana liƙawa, yana zamewa. Tana liƙawa, yana zamewa.

Jatau ya tsaya. Kun san magini, ba ya iya ganin ana ɓata ƙasa ya wuce.

Barau ya ce, "Kai Jatau, mu tafi mana! Ka ƙetaro duniya don ka ga ginin sarakuna, za ka tsaya a kan akurki?"

Jatau ya ce, "Ku yi gaba, bari in kafa mata gindi kawai. Zan cim muku."

Ya tuɓe riga, ya ce, "Iya, matsa." Ba ta jin Hausa, shi ma Larabcinsa bai wuce na salla ba, amma ta matsa. Ya nemo ƙaiƙayi ya kwaɓa, ya tattake, ya fara jera ragowar tubalin da ruwa ya bari. Ya kafa gindi, sai ya ga in ya tafi haka ba mai ɗora mata sauran. Ya ɗaga kai, ga rana ta yi tsaka. Jama'a, kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. Wallahi ya dame shi. Ya san in ya ƙarasa bangon nan, shi da dala sai dai labari, kamar mahaifinsa. Ya sunkuya, ya ɗebi ƙasa.

Sai da ya hau kan bangon yana shafe, sannan ya hango ƙololuwar gine-ginen dalar can nesa, ƙanana kamar malmalar tuwo. Hawaye ya zubo masa. Ya share da gefen hannu, ya ci gaba da aiki. Da ya sauko, tsohuwar ta kama hannuwansa da taɓonsu, tana addu'a tana kuka. Bai gane komai ba sai sunan Allah.

A cikin jirgi Barau ya tasa shi gaba da tsiya. "Mun hau, mun taɓa, har sunana na sassaƙa da wuƙa. Me za ka gaya wa mutanen gida?"

Jatau ya ce, "Barau, gaya mini gaskiya, ya yi kyau?"

"Kyau? Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Allah sarki. Wa ke kwana a ciki?"

Barau ya ce, "Kwana kuma? Ai kabari ne."

Jatau ya dubi ƙasar da ta bushe a faratansa, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Nawa ginin dai yau mutum zai kwana a ciki."

Ya ku 'yan'uwa, darasin a fili yake: alherin da ya fi nauyi wurin Allah shi ne wanda ka bar abin da ranka ke so don ka yi shi. Ban ce kada ku je ku ga ayoyin Allah a ƙasashe ba, ku je. Amma yau da kuka taho masallacin nan, bango nawa kuka wuce a rushe? Kowa ya san na unguwarsu, kuma ya san wadda ke kwana a bayansa. Allah Ya ba mu ikon tsayawa.