Mutumin da Ya Ƙara wa Ɗansa Shekaru

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi, wanda ya kama ɗansa da hannunsa ya kai shi wurin 'yan sanda, ya kuma ƙara masa shekara shida a kan shekarunsa.

Ba za a faɗi sunansa ba. Yana nan da ransa.

Ya 'yan uwa, kada ku ɗauka mugu ne. Manomi ne na gero da dawa, mai ƙarfin zuciya. Bai taɓa shaye-shaye ba, bai taɓa cin iyakar gonar wani ba. Sahun farko yake salla. Ciwonsa guda ɗaya ne: ba ya jure a nuna gidansa da yatsa. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar, shi ne mafi zafin baki a dandali a kan masu kai musu labari. Ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ko ɗan cikinsa ne ya yi haka, shi da kansa zai miƙa shi.

Ɗansa na fari sunansa Imrana. Shekararsa goma sha huɗu, amma ya ɗauko tsawon dangin uwarsa, ya kere tsaransa. Daminar da ta gabata uban ya yanka masa gayauna, wato ɗan yankin gona da uba ke ba ɗa ya noma don kansa ranar da ba a fita gandu. A wurin mutanenmu, wanda aka ba gayauna ya fara shiga sahun maza.

Ranar wata kasuwar Shinkafi, maƙwabcinsu Namadi ya jingine mashin ɗinsa a ƙofar gida da makulli a jiki. Imrana ya hau. Ba sata ya yi nufi ba. So yake abokansa su gan shi a kai, ya kai kwanar hanya ya juyo. Daɗin iska ya ja shi ya wuce kwanar. Can gaba mutane uku da bindigogi suka fito daga daji, suka sauke shi, suka mare shi, suka tafi da mashin. Ya dawo gida a ƙasa, ko takalmi babu.

Kafin ya iso, Namadi ya tara unguwa.

"Ɗanka ya kai masu mashin ɗina!" in ji Namadi. "Kai da kaka cika muna baki a dandali, to ga ta nan cikin gidanka. Sai mu gani."

Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi ƙwace shi anka yi."

Uban bai dube shi ba. Jama'a yake duba. Ya ga idon waɗanda ya sha yi wa faɗa, ya ga wasu suna murmushi. Kansa ya ɗau zafi. Ya damƙi wuyan rigar yaron ya ce a kawo mota.

Uwar yaron, Kulsumu, tana tsaye bayan danga tana ji. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ta danne bakinta da gefen mayafi.

A ofis suka tarar da wani ɗan sanda dattijo, mai furfura a gemu. Ya saurari Namadi. Ya dubi yaron sama da ƙasa. Sannan ya juya wurin uban.

"Malam, shekarunsa nawa?"

"Ashirin."

"Wannan yaron? Ko gashin baki bai tsira ba." Ɗan sandan ya ajiye biro. "Malam, ka yi tunani. In bai kai goma sha takwas ba, hanyarsa daban ce. Ba ma haɗa shi da manya. Kai za ka tsaya masa, ka tafi da abinka gida, ka kawo shi ranar da aka neme shi. Amma in ka ce ashirin, ga zancen mashin, ga zancen 'yan bindiga, maganar ta fi ƙarfina."

Namadi yana bakin ƙofa, da mutum biyar na ƙauyen.

Uban ya ce, "Gayauna gare shi. Azumi shina yi cikakke. Ni na haife shi ko kai? Ashirin."

A gida aka haifi yaron, ba shi da takardar haihuwa. Maganar uba ita ce shaida. Aka rubuta ashirin.

Ya san ƙarya ya yi. Uba ba ya manta shekarar da ya yanka ragon ɗansa na fari. Ga abin da ya ƙudurta a ransa: yaron ya kwana biyu a rufe, ya ɗanɗana, jama'a su ce lallai wane ba ya magana biyu, sannan ya koma ya karɓo shi. Haka ya ga ana yi a dā. A dā uba yakan kai ɗa mai taurin kai wurin dogari a tsorata shi, da la'asar a sallame shi. Ya ɗauka hukuma ma dogarin gidansa ce, in ya ce kama ta kama, in ya ce saki ta saki.

Da ya koma, yaron ba ya nan. An wuce da maganar gaba. An kai shi kotun manya, tunda babba aka ce shi ne. An tura shi gidan yari jiran shari'a.

Ya 'yan uwa, mutane suna yawan tambaya: shin ana kama yaro? Ana kamawa, in ana zarginsa da laifi. Shin ana rufe shi tare da manya? Doka ta hana. Shin ana yi masa tambayoyi shi kaɗai? Ba a so, sai da ubansa ko uwarsa ko mai tsaya masa. Shari'arsa ma ba a bainar jama'a ake yi ba, don kada sunan ya bi shi har girma. Abin da ake nema da yaro gyara ne. Wasu kuma sukan ce, ai ya balaga, salla ta hau kansa. Gaskiya ne. Amma balagar da ke wajabta salla daban, shekarun da hukuma ke ƙirgawa daban. Duk wannan rufin asiri yana jiran Imrana a ranar. Wa ya yaye shi? Ba Namadi ba. Ba ɗan sanda ba. Ubansa.

Allah Mai rahama ne, ya sake buɗe wa mutumin nan ƙofa.

Kulsumu tana da wa a Kaura Namoda, tela ne, sunansa Ado. Ado ya yi ta faɗi-tashi har ya sami wani lauya mai taimakon marasa galihu. Lauyan ya je ya ga yaron, ya dawo ya ce hanya mafi sauri ɗaya ce: uban ya zo gaban alƙali ya faɗi shekarun gaskiya.

Ado ya hau mota ya je ƙauyen. Ya tarar da surukinsa a gindin rumbu. Suka gaisa.

"Malam, magana guda ta kawo ni," in ji Ado. "Ka taso mu tafi. Kalma ɗaya za ka faɗi, sha huɗu. Yaron nan ɗaki guda suke da ƙarti, har da masu kisan kai. Na gan shi da idona. Ƙazuwa ta cinye mashi hannuwa."

Mutumin ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "In tsaya gaban alƙali in ce na yi ƙarya? Da wane ido zan dubi garin ga?"

"Da wane ido za ka dubi yaron?"

"Bari a ga bayan kaka."

Kada ku ce bai ji ciwo ba. Ya ji. Tuwo yakan kwana a kwanonsa. An sha ganinsa tsaye a gayaunar yaron yana kallon ciyawa, har ya duƙa ya fara cira, sai ya hango mutum tafe ya miƙe kamar wucewa yake yi. Sau biyu ya sa babbar riga ya fito bakin hanya. Da ya ga 'yan ƙauyen a cikin motar, sai ya ce Zurmi za shi sayen magani. Zuciyarsa tana son ɗansa. Girman kansa ya fi ta ƙarfi.

Kaka ta zo ta wuce. Bai je ba.

Sai ranar nan Kulsumu ta fito tsakar gida da rana tsaka, ƙannen mijinta da matansu suna zaune. Matar da ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba tun ranar suna, ta buɗe baki.

"Imrana shekara tai sha huɗu. Ni na yi naƙuda tai. In kunya ce ta hana ni magana, yau na aje ta."

Ta goya ƙaramar 'yarta, ta riƙe hannun ɗanta na tsakiya, ta tafi Kaura wurin wanta. Daga can ta aiko aka ɗauko tsohuwar da ta karɓi haihuwar, da limamin da ya raɗa sunan. Suka ba da shaida. Likita ya duba yaron ya ce yaro ne. Wani direban motar kasuwa, wanda ya hango ƙwacen daga nesa ya juya da fasinjojinsa, shi ma ya zo ya faɗi abin da ya gani. Shari'a ba ta gudu. Yau a ɗaga, gobe a ɗaga. Kafin kotu ta sallami Imrana, damina biyu ta wuce.

Ya fito da tari mai jini. Ya fito ba ya haɗa ido da kowa. In an ajiye masa abinci sai ya ja kwanon ya juya wa mutane baya, ya ci da sauri. Abin da ya gani a ɗakin nan har yau bai faɗa wa kowa ba.

To shi kuma uban fa?

Abin da ya guda, shi ya same shi. Garin da ya ji kunyar duba, garin ne ya fara kau da kai. Da labarin shaidar liman ya iso, kowa ya san abin da ya faru a ofis. Ba wanda ya zage shi. Shiru kawai aka yi masa. Aka daina kiransa shaidar ɗaurin aure. Aka daina kiransa rabon iyakar gona. In ya yi magana a dandali, sai a ba shi hankali kaɗan, a ci gaba da wata hira. Wa zai karɓi shaidar mutumin da ya yi wa ɗan cikinsa shaidar zur? Namadi kansa, wanda ya hura wutar, ya riƙa cewa shi mashin ɗinsa kawai ya nema, bai ce a binne yaro da rai ba.

Kulsumu ba ta dawo ba. Gandu ya watse, ƙannensa suka ware gonakinsu. Shi kaɗai da fartanya, ga shekaru. Rumbun da ya saba cika ya koma rabi, daga baya ƙasa da haka. Hawan jini ya buge shi a gona, aka ɗauko shi a amalanke. Ya tashi, amma ƙafa ɗaya tana ja, baki ya ɗan karkace. Mutumin da muryarsa ke cika dandali ya koma sai an matso kafin a ji abin da yake faɗa.

Ya 'yan uwa, ɗa amana ce. Malamai sun karantar da mu cewa kowane uba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Tarbiyya wajibi ce, ba mai musu. Imrana ya yi laifi da ya hau abin da ba nasa ba, ya cancanci faɗa, ya cancanci horo. Amma horo a hannun uba yake, ba a bakin jama'a ba. Mutumin nan ba don gyaran ɗansa ya yi abin da ya yi ba. Don sunansa ya yi. Ya sayar da yaron don ya sayi girma, ya rasa duka biyun.

In an kama ɗanka, ka je. Ka tsaya kusa da shi ko da shi ne mai laifi. In an tambaye ka shekarunsa, ka faɗi gaskiya, kada ka ƙara, kada ka rage. In ka haihu, ka nemi takardar haihuwa ka adana. In kuma harshenka ya riga ya zame, ka koma ka gyara tun ƙofa tana buɗe. Kunyar yini ɗaya a gaban alƙali ba ta kai ta ranar da za a tsaya gaban Mai kowa ba.

Ya Allah, ka tsare mu daga girman kan da ke cin 'ya'ya. Ka tsare harsunanmu daga shaidar zur. Ka ba mu ikon cewa mun yi kuskure tun muna da sauran lokaci. Ka jiƙan wannan bawa naka, ka warkar da ɗansa. Amin.

Saura abu ɗaya.

Bara, bayan sallar layya, mutumin ya dogara sanda ya hau motar Kaura Namoda. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon Ado. Imrana yana ciki a kan keken ɗinki, ya warke daga tarin, ya ƙara tsawo. Da ya ga ubansa sai ya miƙe, ya durƙusa, ya gaishe shi yadda ake gaida uba. Ya ba shi kujerarsa. Ya kawo masa ruwa.

Tsohon ya riƙe kofin. Ya faɗi kalmar da ya kasa faɗa a gaban alƙali.

"Ƙarya na yi maka. Ka yafe mani."

"Na yafe, Baba. Tun ina ciki na yafe."

Hawaye suka gangaro wa tsohon cikin gemu. Ya goge da hannun riga. Ya ce, "To ɗauko kayanka mu tafi gida. Damina ta kusa. Ba ni da kowa."

Imrana ya dubi ƙasa. Ado ya daina yanka, ya riƙe almakashi. Yaron ya ɗago kai, ya dubi ubansa ido cikin ido.

"A'a, Baba. Ba ni komawa."