Fatar Ƙafar Godiyar Malam Barmo

Ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Wannan magana an yi ta kawo min ita har ta ishe ni, shi ya sa zan sauke muku ita, ku ma ku ji nauyinta.

An yi wani tsoho a bakin fadama, Malam Barmo, mai godiya guda ɗaya tak, ita ce ta rage masa daga bargar mahaifinsa. Godiyar tana da aibi. In aka sake ta kiwo ta fara tsalle-tsallenta, sai kofaton baya ya riƙa saran agarar ƙafar gaba, wato babbar jijiyar nan ta saman kofato. Kun kuwa san doki, in agara ta tsinke, zance ya ƙare. Shekarar da ta ɗauki ciki, ciwon ɓarin jiki ya kwantar da tsohon. Ya kira 'ya'yansa uku, Sallau da Jibo da Nomau, ya ce, "Kun dai ga yadda na koma. Wanda ya kai min ita haihuwa a kan ƙafafunta huɗu, ɗan nasa ne."

Sallau, babbansu, baduku ne. Ya ce rigakafi ya fi magani. Ya zauna ya ɗinka mata fata mai kauri, ya ɗaura a kowace ƙafa daga ƙasan gwiwa zuwa saman kofato, sannan ya sake ta fadama. Ana nan, wata rana ta faɗa cikin tsohuwar wayar shingen wani lambu da ciyawa ta rufe. Ta yi ta fizga har ta fito. Da aka duba, wayar ta yanka fatar Sallau gida biyu, amma agara ko ƙwarzane babu. Ba don fatar nan ba, a wurin za a haƙa mata rami. Sallau ya ɗinke yankan, ya ƙara tamke ɗaurin, ya ce ba mai kwance shi sai ta haihu.

Jibo, na tsakiya, mutum ne mai yawan sa ido, har mutane na jin haushinsa. Da damina ta yi nisa, ya lura godiyar tana ɗingishi alhali ba a ga rauni ba. Ya sunkuya, sai wari ya buge shi. Bai nemi izinin kowa ba, ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin. Ashe yashi da ƙarangiya sun shige ƙarƙashin fatar, ruwa da gumi sun dafa wurin, nama ya saɓule, tsutsa har ta fara. Ya ce wa yayansa, "Yaya, garin gyaran gira za ka tsone mana ido." Ya wanke gyambon da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗanya, ya jefa fatar a masai. Ba don shi ba, da ƙafar ta ruɓe a ɓoye, kowa na yaba ɗinki.

To, sai aka shiga gaba kura baya sayaki. A mayar da fata, gyambo ya dawo. A sake ta haka nan, ta sare kanta. A bar ta a turke, ƙafafu su kumbura, ga ciki ya tsufa. Nomau, autansu, ba shi da sana'ar hannu, ba shi da bakin gardama. Ya ɗauki igiya ya ja ta. Kullum da hantsi yana gaba tana biye, ba gudu ba tsalle, yana share mata hanya da ƙafarsa, yana kore ƙuda da ganye. Ƙayar da za ta taka, shi ya taka. Ya bar gonarsa ana tsakiyar noma, ciyawa ta cinye geron. Matarsa ta yi magana har ta gaji, bana a gidansu rumbu a buɗe yake, ba abin rufewa.

Godiya ta haihu a kan ƙafafunta huɗu, ɗan duƙushi namiji, kyakkyawa. Aka je gaya wa tsohon, sai aka tarar ciwo ya riga ya kama harshensa. Ya yi ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, bai iya nuna kowa ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da ya fi ɓata min rai ba gardamarsu ba ce. An yaye duƙushin, amma har yau yana turke, bai taɓa taka fadama ba, domin duk wanda ya kwance igiyarsa, sauran za su ce ya ƙwace. Su ukun kowa na kai masa harawa, ba mai gaida ɗan'uwansa. Ni na yi sulhu har bakina ya bushe.

To, ku da kuke da sauran ƙarfi, ku faɗa min. Wanda ya ɗaura fata, da wanda ya yanke ta, da wanda ya ja igiya, wane ne a cikinsu ya cancanci ya je ya kwance duƙushin nan?