Dashen Bakin Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru da ita.

Akwai wani manomi a zamanin da, tun ba a san takin zamani ba, lokacin da toka da kashin awaki su ne ƙarfin gona. Yana da gonaki biyu. Ɗaya ƙarama ce a bayan gida, inda matarsa take zubar da toka da shara duk shekara. Ɗayar kuwa babba ce, can nesa da gari a gefen hanyar kasuwa, ita ce take cika masa rumbu.

Wata shekara ruwan shuka ya sauka, manomin ya shuka dawa a gonakin duka biyu. Sai ruwa ya ɗauke. Iri ya daɗe a ƙasa, zabin daji da ɓeraye suka tone abin da suka tone. Da ruwa ya dawo, babbar gona ta tsiro giɓi-giɓi, nan kore, can fili fetal. Lokacin sake shuka ya riga ya wuce. In an bar ta haka, abincin gidan zai ƙare tun damina mai zuwa ba ta kankama ba, ga yara ƙanana.

Ta bayan gida kuwa sai wanda ya gani. Kowane rami ya cika maƙil, ganye faffaɗa, kore shar. Da safe manomin yakan tsaya da ƙwaryar kununsa yana kallonta har kunun ya huce. Masu wucewa su leƙo ta saman danga su yaba, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, alhali ya ji sarai.

Abin da ya rage masa shi ne dashe. Mutanen da sun san yadda ake yinsa. Akan jira ranar da aka kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi, a ciro tsiron da ya yi yawa a rami, a ɗaure dami-dami, a sa wuƙa a datse kan ganyen a bar kaɗan, sa'an nan a kai inda giɓi yake. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, haka kowa yake yi.

Ranar ta zo. Shi da matarsa suka yi ta cira, shi yana datsewa, ita tana ɗaurewa. Dami na ƙarshe daga gindin juji ya fito, inda toka ta fi yawa, ya fi sauran tsawo da kyau nesa ba kusa ba. Manomin ya ɗaga wuƙa, ya dubi ganyen, ya mayar da ita kube.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka manta da wannan damin."

Ya ce, "Ban manta ba. Dubi ganyen nan fa. Wa zai sa wa wannan wuƙa?"

Ta tuna masa cewa tsiron da aka cire ba shi da bakin shan ruwa sai saiwarsa ta kama. Ya ce wannan zancen na ƙananan ne, waɗannan sun fi ƙarfin haka, kuma a bakin hanya zai dasa su, don mai tafiya kasuwa ya san gonar tana da mai ita. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin rana ta ƙyale ganye don kyansa ba. Ta ɗora daminta a ka, ta yi gaba.

Suka dasa datsattsun a cikin gona, rami bayan rami, ana yayyafi. Masu kyan nan kuwa ya jera su a bakin hanya da ganyensu cif. Da ya juya zai tafi gida, cikin gona ya yi kamar an kakkafa tsinke, bakin hanya kuwa kamar ranar biki.

Kashegari rana ta buɗe, ta yi kwanaki tana dukan ƙasa. Dashen duka ya kwanta, na ciki da na waje. Wannan bai dame shi ba, don ya san dashe yakan yi kamar ya mutu kafin ya tashi. Yana tsaye yana dubawa sai ga taubashinsa a kan jaki, ya dawo daga kasuwa. Ya ja linzami, ya dubi dogayen ganyen da suka baje a ƙasa.

Ya ce, "Bawana, tabarmi ka shimfiɗa wa baƙi a bakin hanya? Bari in sauka in huta."

Manomin ya ce, "Wuce, ubangidanka yana aiki. Ka dawo jibi ka gani."

Jibi ta zo ta wuce. Datsattsun nan suka fara miƙewa, sabon toho yana leƙowa daga tsakiyar kowannensu. Na bakin hanya ba su motsa ba. Ganyen ya koma ruwan ƙasa, in iska ta taɓa shi sai ya yi ƙara. Manomin ya tsuguna ya tuge ɗaya. Saiwar ta soma fitar da 'yan fararen gashi, ta yi iya ƙoƙarinta, amma ganyen da ke samanta ya sha fiye da abin da take iya kawowa.

Ya zaro wuƙa a ranar, ya bi layin yana datse duk wanda ya ga da sauran kore. 'Yan kaɗan suka farfaɗo. Ya koma bayan gida neman wani tsiron, ya tarar dawar ta yi kara, ta wuce dashe.

Da kaka ta yi, a cikin gona ba ka iya bambanta dashe da shuka, zangarniya duk ta sunkuya da nauyi. Rumbu bai cika ba, amma ya ɗauke su, sai dai da bazara matar ta rage awo, ba ta kuwa taɓa tada zancen ba. Bakin hanya ya zauna fili har aka yi girbi. Wurin da ya shirya don a gani, shi kowa ya gani.

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku 'ya'yanmu da kuke makarantar aikin bishara kuna jiran a tura ku. Gonar bayan gida makarantarku ce. Kun sha taki: addu'ar asuba tare, malamai masu haƙuri, abokai da kuke raba tuwo da su. Za ku yi kewarta har tsufanku, kamar yadda iyayenmu masu bishara na da suke ba da labarin tasu idonsu na kawo ruwa. Amma dawar da ta cunkushe wuri ɗaya ba ta yin zangarniya. Giɓin yana can, ƙauyukan da dattijo ɗaya yake ta fama da karatu ran Lahadi, idonsa ba ya gani sosai.

Sa'ad da aka kai ku, za a datse ku. Wanda ya saba wa'azi gaban ɗalibai ana gyaɗa kai zai zauna ƙarƙashin tsohon fasto, ya share majami'a, ya gaida marasa lafiya, ya koyi yaren mutane yara suna yi masa dariya. Manyan kalmomin aji za su jira. Kada ku ce an rage ku. Ana ba saiwarku lokaci ne ta kama Ubangiji a ɓoye, ta kama mutanen kuma, har ku san sunan kowa da abin da ke hana shi barci. Za ku kwanta na ɗan lokaci, ku ga kamar kiran ya mutu. Kada ku nemi komawa bayan gida. Toho yana zuwa.

Ku kuma malamai da dattawan ikkilisiya, ku lura, tsiron bai yi laifi ba. Wanda ya ƙaunace shi ne ya mayar da wuƙa kube. Ɗalibin da ya fi baki da ƙwazo, shi ne muke saurin ɗauka daga aji mu tsayar a babban bagade a birni, ba wanda ya isa ya ce masa ya zauna tukuna. Shi ya fi kowa ganye, shi ya fi kowa bukatar datsa. In kai ne wannan ɗalibin, aka tausaya maka aka tsallake ka, je ka wurin dattijo da ƙafarka ka miƙa masa wuƙar.

Ƙurunƙus. Ɗan ɓera ya gudu da tatsuniya, ma'anar kuwa ya bar muku.