Ragon Delu da Fayif Mai Gwiwa

Dalilin da ya sa kuke ganin fayif ɗin da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ba wai masu gyara ne ba su iya aikinsu ba. Rago ne ya jawo. Ku gyara zama ku ji.

Lokacin da ruwan famfo ya fara shiga gidaje, an yi wani mai haɗa famfo ana ce masa Shekarau. Allah ya zuba masa ƙin karkataccen abu. In ya hangi hular mutum ta goce a ka, sai ya faka kekensa ya gyara masa ita, ko bai san shi ba.

Gidan farko da ya yi wa aiki shi ne na Inna Delu mai tuwo. Ya ɗora tanki a sama, domin ruwa malalaci ne, gangara kawai ya iya. Ya sa makunni a gindin tankin, wanda in an murɗa shi ruwan gidan duka zai tsaya. Ya jawo fayif zuwa kan famfo a bakin kwami. Daga kwamin kuma ya ja wani fayif na darma, miƙaƙƙe sambal, ya kai ruwan datti ramin sokawe a bayan katanga. Ya tsaya yana kallon aikinsa har da ƙwalla don daɗi.

Abin da bai sani ba, a cikin sokawen nan akwai wani tsohon mazauni mai suna Wari. Shekara da shekaru yana rufe, babu mai kai masa ziyara. Ya ɗaga kai ya ga an shimfiɗa masa titi har kicin ɗin Delu. Ai kuwa ya hau, ya shigo ko sallama babu.

Wani mai cin tuwo ya ajiye loma ya ce, “Inna, yau daddawar ta yi yawa fa.”

Delu ta ce, “Ɗan nan, ko sakawa ban yi ba tukuna.”

Kafin mako ya zagayo bencinta ya zama fayau. Ta aika aka kira Shekarau. Ya kunna turaren wuta, Wari ya ji daɗi ya gayyato danginsa. Ya toshe ramin kwamin da tsumma, ruwa ya cika kicin har ya tafi da takalmin Delu.

Ta riƙe ƙugu ta ce, “Malam Shekarau, in Sallah ta wuce wannan baƙon naka bai tafi ba, ka zo ka kwashe ƙarafunanka. In koma wa bokitina. Kuma duk matan unguwar nan sai sun ji daga bakina.”

Shekarau ya san bakin Delu ya fi shela kaiwa nesa. In ta yi magana, babu gidan da zai ƙara kiransa.

Ana jajiberin Sallah turken ragon layyar Delu ya karye. Ta duba ko'ina ba ta ga inda za ta ɗaure shi ba sai fayif ɗin nan na ƙarƙashin kwami. Rago ne ƙato, ga haɗama. Ya hango kwanon dusa a bakin ƙofa, ya yi kukan kura ya fizga. Darma kuwa ba ta da taurin kai, fayif ya loɓa ya yi ciki ya zauna.

Bayan Sallah da kwana uku Shekarau ya zo kwashe kayansa. Ya tarar da benci cike, ana ta “Inna ƙaro miya.” Bai tsaya mamaki ba, ya wuce kicin. Da idonsa ya sauka kan fayif sai da ya dafa bango.

“Innalillahi! Wa ya yi mini wannan ta'asa?”

Nan take ya durƙusa ya miƙar da shi. Bai gama kaɗe hannu ba Wari ya faɗo kicin da gudu. Masu cin tuwo suka watse, wani ma da malmala a hannu. Delu ta shigo da muciya a ɗage.

“Kwana huɗu muna shan iska, ka zo ka ɓata! Maza mayar da shi yadda rago ya yi!”

“Rago? Inna, ni Shekarau, rago ne zai koya mini aiki? Ina yake in gan shi?”

Ta nuna tukunya da muciya. “Ga ƙafarsa nan a miya.”

Babu yadda ya iya. Ya kafa gwiwa a fayif, ya rufe ido, ya lanƙwasa shi yana jin kamar ƙashinsa yake karyawa. Ya buɗe famfo, ruwa ya wuce, amma kaɗan ya kwanta a cikin lanƙwasar. Ya kara kunne, sai ya ji Wari daga ƙasa yana magiya.

“Ruwa, ɗan matsa in wuce mana.”

Ruwa ya ce, “Na riga na kwanta. In ka matsu, yi iyo.”

Wari kuwa bai iya iyo ba, har gobe. Ya koma sokawe yana tsaki. Shekarau ya zauna daɓas a ƙasa, kunya da murna suka haɗu suka rasa wanda zai fara fita. Abu ɗaya ya roƙa.

“Don Allah Inna, a rufe wurin nan da katako, kada mutane su gani.”

Ta zuba masa tuwo har da ƙafar ragon. Ya cinye tuwon, ya ture naman gefe, ya ce shi ba zai ci malaminsa ba.

To, shi ya sa har yau kowane kwami yake da fayif mai gwiwa, kuma a ɓoye yake cikin ɗan kabad. In kuka yi doguwar tafiya ruwan cikin gwiwar ya bushe, za ku dawo ku tarar da Wari ya baje a kicin, sai kun buɗe famfo zai gudu. In kuma kuka ga mai gyaran famfo ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin kwami yana ƙunƙuni, kada ku dame shi. Gaisuwa yake kai wa rago.